Hodar Shekinah

Tudun Fulani, Minna
11 ga Fabrairu

Maman Yona,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fatan kina lafiya, da Yona da matarsa da jikokinki. Yaya kunnen? Gaiya direba ya ce har yanzu sai an ɗaga murya kike ji. Shi ya sa ban ƙara gwada kiranki a waya ba, don wancan karon rabin hirar "me ka ce" ce, sauran rabin kuma sabis ɗin ƙauyenku ya cinye. Na ga gara in rubuta in ba shi, tunda yana kawo citta Minna.

Mu nan da sauƙi. Aikin walda yana nan yadda kika san shi, ranar da aka kawo wuta mu yi, ranar da babu mu zauna muna kallon ƙarfe. Bayana yana ɗan damuna, amma bai kwantar da ni ba. Shekinah ta samu aiki tun Disamba a wani babban kanti a hanyar Bosso, ita ce a teburin karɓar kuɗi. Gidan dai shiru tun da ƙanwarki Hadassah ta rasu. Har yanzu idan na dawo daga shago sai in buɗe baki zan kira ta, sannan in tuna.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro, kada ki yi mini dariya. Kin daɗe kina sayar da kayan kwalliya a Kaduna kafin ki koma gida, kuma duk danginku babu wadda Hadassah ta yarda da ita a wannan fanni kamar ke. Hoda nake so in saya wa wata. Fuskarta maiƙo take fitarwa, musamman goshi da hanci, kafin rana ta take sai ki ga tana ƙyalli kamar an shafa mata man gyaɗa, kumatun kuma a bushe. Ga ƙuraje da baƙin tabo. Ta gwada ragowar hodar Hadassah, ba ta karɓe ta ba. Baƙa ce, amma ba ƙirin ba. Ki gaya mini wace iri zan nema, yadda ake zaɓe da yadda ake shafawa, kuma wadda aljihun mai walda zai iya.

Na san za ki tambayi ko wace ce. Ki yi haƙuri, na yi mata alkawari ba zan faɗa wa kowa a dangi ba, kunya take ji. Abin da zan iya cewa shi ne, yanzu ba ni da kowa a duniya da ya kai ta, kuma ganin ta cikin damuwa yana hana ni sukuni. Ki ba Gaiya amsa a dawowarsa, abin na da gaggawa.

Mijin ƙanwarki,
Elijah


Ungwan Madaki, ta Kafanchan
6 ga Maris

Baban Shekinah,

Na samu takardarka. Muna lafiya. Kunne yana nan yadda yake, amma idona garau, na karanta komai, na kuma sake karantawa.

Da gangan na bar Gaiya ya koma wancan zuwan ba amsa. Na ji tsoron abin da hannuna zai rubuta. Yanzu ma ban huce ba, amma gara ka ji.

Hadassah ko shekara ba ta yi a ƙasa ba. Ba ciki ɗaya muka fito ba, ubanta ƙanin ubana ne, amma tabarma ɗaya muka kwana har aka kai ta gidanka, kuma a kan cinyata ta cika. Ban ce kada ka yi aure ba. Littafi bai hana ba, kuma na san namiji ba ya daɗewa shi kaɗai. Amma duk matan Minna ka rasa wadda za ka tambayi hodar budurwarka sai yayar matarka? Kuma har abin ya kai ta shiga ɗaki, ta buɗe akwatin ƙanwata, ta shafa hodarta a fuska, kai kuma damuwarka ba ta karɓe ta ba. Ai ba za ta karɓe ta ba.

Ka ce ba ka da kowa a duniya da ya kai ta. Wannan layin ne ya fi yi mini ciwo. Shekinah fa? Yarinyar da ta rasa uwa jiya-jiya, ta tashi tun asuba ta dafa maka abinci kafin ta tafi aiki, ita a ina ka ajiye ta? Ta san da wannan maganar, ko ita ma tana cikin dangin da aka ce kada su ji?

Ba ni da shawarar hoda. Kasuwa cike take da masu sayarwa, su ma ai ci suke so su yi. Abin da nake roƙo, ka haɗa zannuwan Hadassah da Littafinta na waƙoƙi ka ba Gaiya ya kawo mini, in ajiye wa 'yarta kafin su ma a gwada su.

Ban faɗa wa kowa ba, ba don kai ba, don ita da ke kwance.

Rebecca


Tudun Fulani, Minna
19 ga Maris

Maman Yona,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Mu nan ba zan ce lafiya ba, don ƙarya ce.

Shekinah ce. Hodar ta Shekinah ce. Babu wata mace, ba a taɓa yi ba, akwatin Hadassah kuma 'yarta ce ta buɗe shi.

Rabonki da ita tun jana'iza, lokacin fuskarta sumul. Bayan nan ne ƙurajen suka fara, ta matse, su bar tabo, wasu su fito. Ban ɗauke shi komai ba, na ce ƙuruciya ce. Ashe a Janairu madam ɗinsu ta kira ta ofis, ta ce mai karɓar kuɗi ita ce fuskar kanti, kuma kwastoma sun fara magana, wai wata ta ƙi karɓar burodi daga hannunta. Ta ba ta zuwa ƙarshen Fabrairu ta san yadda za ta yi. Ban sani ba sai ranar da na same ta gaban madubi da hodar uwarta, tana shafawa tana gogewa. Kin san Hadassah ta fi ta haske. A nan ta gaya mini, ta kuma sa na yi alkawarin nan.

Na jira amsarki. Gaiya ya zo ya ce ba ki ba shi komai ba. Da na ga wata na neman ƙarewa, na wanke hannu na tafi kasuwa da kaina. Na tsaya gaban shagon wata yarinya, ga hoda jere, duk ɗaya nake ganinsu. Matan da ke ciki suka juyo suna kallona.

"Baba, na madam ne?" in ji mai shagon.

Na ce na 'yata ne, fuskarta na maiƙo.

"Kalanta fa?"

Na rasa yadda zan kwatanta, sai na miƙa hannu na ce kamar ni take. Ta lakato ta goga a bayan hannuna. Hannun da wutar walda ta gasa shekara da shekaru, me zai nuna? Cikin waɗanda ta gwada na nuna wadda ta fi duhu. Ta girgiza kai.

"Ba su son baƙi, Baba. Ka kai wannan za ta ce ba ka san komai ba. Ɗauki mai hasken nan, yana da ƙyalli kaɗan, shi 'yan mata ke yayi."

Na ɗauka, don ina ganin ta fi ni sani.

Washegari da safe Shekinah ta shafa, ta yi mata kauri don ta rufe tabon. Ta fito ta ce, "Baba, ya yi?" A cikin ɗaki ya yi kama da ya yi. Na ce ya yi.

Kin san zafin Minna a wannan lokacin. Ranar aka ɗauke wuta, janaretan kantin kuma ya ƙi tashi. Kafin tsakar rana maiƙo ya huda hodar, ta dunƙule a gefen hanci, gumi ya ja layi a goshi, sauran fuskar ta yi fari kamar toka. Ta shiga bayi ta ƙara wata a kai, abin ya ƙara lalacewa. Wani mutum da ya zo biya ya dube ta ya ce, "Ƙanwata, daga injin niƙa kike?" Layi ya kwashe da dariya. Ɗaya daga abokan aikinta ta ɗauke ta a waya. Kafin a tashi madam ta mayar da ita sito, can baya inda ake jera kwali, aka rage mata albashi.

Ana cikin wannan takardarki ta iso. Gaiya bai same ni ba, ya ba ta. Ta ga rubutunki, ta ɗauka gaisuwa ce, ta buɗe. Na dawo na same ta zaune bakin ƙofa da takardar a cinya.

"Baba, wace ce?"

Na karɓa na karanta a tsaye. Na ce, "Ke ce."

Ta ɗago ta dube ni. "Wato ka faɗa."

"Ban faɗi sunanki ba."

"Yanzu za ka faɗa ai. Dole ka wanke kanka."

Gaskiyarta, ga shi na faɗa. Tun ranar tana dafa abinci ta ajiye mini a rufe, ta shige ɗaki. Gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ban rubuto don in yi miki gori ba. Da ni ne na karanta takarda irin tawa, wataƙila haka zan fahimta. Amma kin san ni tun ina saurayi, na ɗauka hakan zai sa ki tambaya kafin ki yanke. Zannuwan suna nan, na 'yarta ne, ba zan aiko ba. Abin da na tambaya har yanzu ina jiransa.

Elijah


Ungwan Madaki, ta Kafanchan
25 ga Maris

Baban Shekinah,

Ina gaishe ka, in za ka amsa. Jiki lafiya, amma tun da na karanta takardarka hankalina bai kwanta ba. Na yi maka mummunan zato, na kuma cuci yarinyar da nake cewa ina karewa. Ka yafe mini. Ba zan cika takardar da kuka ba, don ba kuka kuke bukata ba. Ka ba ta wannan ta karanta da kanta.

Jiya na shiga Kafanchan na zaɓo hoda biyu, suna cikin ledar nan. Ba masu tsada ba ne, kuma ba su da ƙyalli ko kaɗan. Fuska mai maiƙo ita ke kawo nata ƙyallin, ba a ƙara mata. Na kwatanta da kalar wuyanta yadda na tuna shi a hoton jana'iza, ɗaya ta ɗan fi ɗaya duhu.

'Yata, ba a gwada hoda a hannu, ba a kuma gwada ta a cikin ɗaki. Ki fita tsakar gida da safe da madubi, ki sa kaɗan a gefen muƙamuƙi, inda fuska ta haɗu da wuya. Ki bar ta ta ɗan jima, don maiƙo yana sauya mata kala. Wadda kika nema kika rasa inda kika sa ta, ita ce taki. In kin rasa tsakanin biyu, ɗauki mai duhun. Mai haske ita ke mayar da mutum toka.

Ki wanke fuska da sabulu mai laushi safe da yamma, ban da dirza. Yawan dirza shi ke sa fata ta ƙara zubo mai. Kumatun da ke bushewa ki ɗan shafa musu mai mara nauyi, goshi da hanci ki ƙyale su. Ki bari fuskar ta bushe sarai. Sannan ki danna hodar da soso, dannawa, ba gogewa ba, kaɗan-kaɗan, ki fara daga tsakiya. Kada ki ce sai tabon ya ɓace gaba ɗaya, ba zai ɓace ba, zai dai dushe, kuma daga bayan tebur wannan ya isa. Idan rana ta yi maiƙo ya taso, ki fara ɗora tishu ya tsotse kafin ki ƙara. Hoda a kan maiƙo laka ce, shi ne abin da ya same ki ranar nan, ba laifin fuskarki ba ne. Ki riƙa wanke soson, kuma kada ki kwana da ita.

Yanzu babbar maganar. Na san abin da ke biyo baya, na gani a shagona ba sau ɗaya ba. Wata za ta zo ta ce tana da mai haɗa man da ke share ƙuraje cikin mako. Za a kawo shi a roba ba suna, ba rubutu. Ko kyauta aka ba ki, kada ya taɓa fuskarki. Da farko yakan yi kamar abin al'ajibi, shi ne tarkon. Ƙurajen nan likitan fata ya kamata ya gan su, Baban Shekinah ka kai ta ko da za a jira layi. Hoda rufi ce kawai, ba magani ba.

Ki yi fushi da ni, na cancanta. Amma ki daina yi da babanki. Namijin da zai tsaya cikin mata ya miƙa hannu a shafa masa hoda saboda 'yarsa, ban san da yawa ba.

Yayarku,
Rebecca


Tudun Fulani, Minna
14 ga Mayu

Maman Yona,

Ina gaisuwa, da fatan damina ta sauka muku lafiya. Na yafe tun tuni, kada shirun nan ya sa ki zaci wani abu. Saƙonki ne bai iso ba sai shekaranjiya. Injin motar Gaiya ya buga a Kwoi, ya bar ta wurin bakanike ya koma gida neman wani injin, ledar kuma tana ƙarƙashin kujera, ya manta da ita. Ya zo yana ta ba da haƙuri.

Na karanta takardarki a shago. Da na zo wurin roba ba suna, sai na ajiye, na fita na zauna a bakin kwalbati.

An riga an kawo mata. Wata ce a siton nasu ta kai ta wurin mai haɗawa, tun ƙarshen Maris. Ni ban sani ba. Abin da na gani kawai, fuskar ta fara washewa. Ƙurajen suka kwanta, tabon ya dushe, maiƙon ma ya ragu, har ta ɗan yi haske. Ta fara yi mini magana. Wata safiya na ji tana waƙa tana shara. Na tambaye ta, ta ce wani mai ne ƙawarta ta ba ta. Na ce Allah ya yi wa ƙawar albarka. Ranar Ista ta koma cikin mawaƙan coci, ta tsaya a layin gaba, ni kuma na tashi a gaban jama'a na yi godiya ga Allah saboda ya dawo da farin ciki gidana. Madam ma ta ce za ta mayar da ita tebur a sabon wata.

Bayan Ista fuskar ta fara ja, tana zafi idan rana ta taɓa ta. Ta koma wurin matar, aka ce mata datti ne ke fita, aka ba ta wani mai ƙarfi, a shafa safe da yamma. Ta shafa. Fatar ta fara saɓulewa a kumatu da goshi kamar wadda ruwan zafi ya zuba wa. Ƙurajen suka dawo ninki, ƙanana jajaye har wuya. Inda ya saɓule ya warke da baƙi, baƙin da ya fi na da nesa ba kusa ba. Duk da haka ta ɗora hodar nan tawa a kai ta tafi aiki, har ranar da ta kasa buɗe baki ta ci abinci saboda raɗaɗi.

Na kai ta asibiti. Likitar mace ce, ta karɓi robar ta shinshina, ta tambayi tun yaushe. Ta ce abin da ke ciki ya cinye ƙarfin fatar. Ta ce a daina komai, ban da hoda, ban da rana, sai maganin da ta rubuta. Shekinah ta ce, "Zai koma yadda yake?"

Likitar ta ce, "Zai yi sauƙi. Watanni za a ɗauka."

"Amma zai koma?"

"Wani wurin zai koma, wani wurin ba zan yi miki alkawari ba."

Aikin ya tafi. Kwanakin da ta yi a gida aka ɗauki wata. Na je neman mai haɗin, aka ce ta tashi, ba a san inda ta koma ba. Ko da na same ta ban san me zan yi mata ba.

Jiya na ba ta ledarki. Ta karanta takardar har ƙarshe. Sai ta ɗauki madubi ta fita tsakar gida. Akwai ɗan wuri ƙasan kunnenta na hagu da man bai taɓa ba. Ta sa mai duhun a wurin, ta jira yadda kika ce. Ta kira ni.

"Baba, nuna mini inda na sa."

Na duba, na sake dubawa, ban gani ba.

Ta ce, "Ashe akwai tawa." Ta rufe hodar a hankali, ta mayar cikin ledar, ta ɗaure bakin.

Ba ta fita ko ƙofar gida yanzu. Matan zumunta na cocinmu sun zo dubiya, ta kulle ɗaki. In dole ta ratsa tsakar gida sai da takunkumi da gyale, ga shi likita ta ce takunkumin na ƙara ɓata wurin. Ni kuma ina zuwa shago in riƙe ƙarfe in manta abin da zan yi da shi. Uwarta ta bar mini abu ɗaya in kula da shi. Ki gaya mini me zan yi, wannan karon duk abin da kika ce shi zan bi.

Elijah


Ungwan Madaki, ta Kafanchan
22 ga Mayu

'Yata Shekinah,

Ina gaishe ki da jiki. Mu nan lafiya, an gama shuka, gari ya yi sanyi.

Ke nake rubuta wa, don an gaji da yin maganarki a bayanki. Da na amsa takardar farko yadda ya kamata, da yanzu kina bakin aikinki. Na san wannan, ba sai kowa ya tuna mini ba, kuma ba na neman ki ce mini ba komai.

Ki zo wurina. Ɗakin da ni da mamanki muka kwana yana nan, an sake masa rufi. Bayan gida inuwar mangwaro ce har rafi, za ki sha iska ba rana, ba takunkumi. Nan ba kowa sai ni da iyalin Yona, matarsa kuma na riga na ja mata kunne. Akwai likitan fata da ke zuwa Kafanchan, ni zan riƙa kai ki. Ki zauna wata ɗaya ko shekara, yadda kika ga dama. Na gaya wa Gaiya kujerar gaba taki ce duk ranar da kika shirya.

Mamanki,
Rebecca


Tudun Fulani, Minna
8 ga Yuni

Mama Rebecca,

Ina gaisuwa. Ina fatan kina lafiya da su Yaya Yona. Jiki da sauƙi, raɗaɗin ya tafi, saura baƙin.

Ban riƙe ki a rai ba. Ke kika yi jinkiri, amma ni na shafa. Tun ranar farko da na ga robar raina bai kwanta ba, sai dai na gaji da jin warin kwali, na gaji da mutane suna magana da ƙurajena maimakon ni. Makonnin nan da fuskar ta washe, ko a mota sai a matsa a ba ni wuri in zauna. Da an gaya mini ƙarshensa ma, ban tabbata da na fasa ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Zan zo. Ba don inuwa ko likita ba. Saboda Baba ne. Tun da abin ya faru, idan yana yi mini magana kafaɗata yake kallo, ko bango. Yana ganin ban lura ba. Na san ba ƙyama ba ce, laifin kansa yake gani. Amma duk sanda ya kau da ido sai in ji kamar madubi aka ɗora mini. Shi ba ya iya kallona, ni ba na iya kallon yadda ya rame. Ɗaki biyu ne gidan, ba inda ɗayanmu zai ɓuya.

Na gaya masa haka jiya. Bai musa ba.

Na roƙi Maman Meshach maƙwabciyarmu ta riƙa aiko masa da abinci. In ba a sa masa a gaba ba, ba ya ci. Zan taho da zannuwan Mama biyu, sauran na bar masa.

Kada ki tara mutane su yi mini addu'a ranar da na iso. Kada kuma ki ce ai bai yi muni ba.

Shekinah


Maman Yona,

Na saka wannan cikin ambulan ɗinta, da saninta. Jibi za su taso ita da Gaiya in Allah ya yarda.

Maganin yana aljihun gefe na jakarta. Na farin kwali da safe, na bututu da yamma, kaɗan. Takardar likita tana tare da su. Ba ta son kuɓewa, amma ba za ta faɗa miki ba, za ta dai ce ta ƙoshi. Idan ta yi shiru da yawa kada ki matsa mata, ki ba ta wani aiki a hannu, wake ko gyaɗa, a nan take fara magana.

Ban san yaushe zan zo ba. Ta ce kada in zo sai ta kira ni, na ce to.

Abu ɗaya nake roƙo. In ta iso za ta tsaya a bakin ƙofa da gyalen, za ta jima kafin ta cire. Idan ta cire, ki dube ta sosai, ki ci gaba da dubanta har ki gama gaisuwar. Na gwada yau da safe da ta kawo mini shayi. Ban kai ƙarshen gaisuwar ba.

Elijah